Littafin Addu'a na Gidan Sforza: Sata, Gyara da Doguwar Tafiya



Littafin da zan yi magana a kansa yau ƙarami ne ƙwarai. Tsawonsa kimanin santimita 13 ne, faɗinsa kuma santimita 9 da 'yan kai, wato tafin hannun babban mutum ya isa ya rufe shafinsa. Falle 348 ne na fata, da rubutun hannu cikin harshen Latin. A cikinsa akwai zane 64 da kowanne ya cika shafi guda, ban da shafuka kusan 140 da aka yi wa zayyana a gefe. Yana ajiye a babban laburaren Birtaniya da ke Landan, an kuma san shi da sunan gidan Sforza, masu sarautar birnin Milan a arewacin Italiya. An fara shi wajen shekarar 1490, a tsakiyar zamanin da Turawa ke kira Renesans, lokacin da suka farfaɗo da ilimi da fasahar Girkawa da Rumawan dā. Ba a kammala shi ba sai bayan shekara talatin, a wata ƙasa dabam, a hannun wani mai zane dabam, da kuɗin wata mace dabam.

Bari mu fara da irin littafin kansa, don kada in yi ta zuba ku kuna tambayar me ake karantawa a ciki.

A majami'un Katolika na wancan zamani, limamai da 'yan zuhudu suna da lokutan addu'a takwas a kowace rana: kafin asuba, da ketowar alfijir, da sassafe, da hantsi, da tsakar rana, da wajen ƙarfe uku, da faɗuwar rana, sai kuma lokacin kwanciya. Littafinsu babba ne, mai wuyar bi, domin karatun yana sauyawa da ranaku da bukukuwa. Daga ƙarni na 13 mutanen gari, waɗanda ba limamai ba, suka so su ma su riƙa yin wani abu makamancin wannan a gidajensu. Sai aka taƙaita musu shi, aka sami abin da ake kira littafin sa'o'i. Duk wanda ya san yadda ake riƙe Dala'ilul Khairati a gidajenmu, ƙaramin littafi a cikin gafaka, an raba shi kashi-kashi, kowane kashi da lokacinsa, an gaje shi daga kaka, to ya fahimci matsayin littafin sa'o'i a gidan Bature na ƙarni na 15. Abin da ke ciki dai ya bambanta nesa ba kusa ba, amma zaman littafin a hannun mai shi iri ɗaya ne. Shehu Jazuli, mai Dala'ilu, ya rasu a Maroko wajen 1465, kimanin shekara 25 ke nan kafin a fara namu littafin na yau.

Tsarinsa kusan ɗaya ne ko'ina. Kalanda ce a farko, mai nuna ranakun waliyyai, manyan ranaku da jar tawada ko ruwan zinariya. Sai 'yan ayoyi daga Linjila huɗu. Sai zuciyar littafin, addu'o'in lokuta takwas da aka jingina ga Nana Maryam, galibinsu daga Zabura aka ɗebo su. Bayansu akwai surori bakwai na Zabura da ake karantawa don tuba, da jerin sunayen waliyyai, da addu'ar da ake yi wa mamata. Kowane babban kashi yana buɗewa da zane, kuma zanen yana da aikin yi. Waɗannan littattafai ba su da lambar shafi, ba su da jadawalin abin da ke ciki, masu su kuma da yawa Latin ɗinsu bai taka kara ya karya ba. Mace ta ga hoton mala'ika yana yi wa Maryam bushara, ta san nan ne addu'ar kafin asuba. Ta ga hoton haihuwar Annabi Isa, ta san ta zo ta sassafe. Ta ga Annabi Dauda a durƙushe, ta san ta iso wurin tuba.

Dubbai daga cikin irin waɗannan littattafai sun tsira har yau, fiye da kowane irin littafin hannu na Turai. Akasarinsu na masu matsakaicin hali ne, 'yan kasuwa da matan lauyoyi. Kuma a 1490 injin ɗab'i ya riga ya yi shekara 35 yana aiki tun daga Gutenberg. A Milan ɗin kanta ana buga littafi tun 1471, a Faris kuwa an fara fitar da littattafan sa'o'i na ɗab'i da araha. Saboda haka wanda ya sa a rubuta masa nasa da hannu a wannan shekara, a kan fata, da zinariya, yana sane da abin da yake yi. Yana faɗa wa duniya ko shi wane ne.

Wadda ta sa aka yi wannan littafi sunanta Bona, 'yar sarkin Savoy, ƙasar da ke kan duwatsu tsakanin Faransa da Italiya. An haife ta a 1449. Yayarta Charlotte ita ce matar Louis na 11, sarkin Faransa, a fadarsa kuma Bona ta girma. A 1468 aka aurar da ita ga Galeazzo Maria Sforza, sarkin Milan. Gidan Sforza ba su gaji sarauta ba. Kakan mijin sojan haya ne, ubansa Francesco ma sojan haya ne da ya auri 'yar sarkin da ya gabata, ya kuma kama birnin da ƙarfin tsiya a 1450. Masu irin wannan tarihi sun fi kowa kashe kuɗi a kan gine-gine da mawaƙa da masu zane, don kuwa da su ake wanke sabuwar sarauta ta yi kamar tsohuwa. Galeazzo ya tara mawaƙan coci daga ƙasashen arewa har fadarsa ta yi suna a Turai, ya kuma yi suna wajen mugunta da keta mutuncin matan mutane. Ranar 26 ga Disamba 1476 wasu samari uku 'ya'yan manyan gari suka daba masa wuƙa a majami'ar Santo Stefano, a bainar jama'a.

Bona ta wayi gari tana da shekara 27, mijinta ya mutu, ɗanta Gian Galeazzo mai shekara 7 shi ne sarki, ita ce mai riƙon ƙwarya. Ta dogara da tsohon magatakardan fada, Cicco Simonetta, mutumin da ya san sirrin mulkin Milan tun zamanin surukinta. Amma yaron yana da baffanni, ɗaya daga cikinsu kuwa, Ludovico, wanda ake yi wa laƙabi da il Moro, ba mai haƙuri ba ne. Aka kore shi daga gari, ya dawo da lallashi a 1479, a watan Oktoba na 1480 aka fille kan Simonetta a Pavia, aka raba Bona da ɗanta, aka tsare ta a gidan sarauta na Abbiategrasso. Ludovico ya ci gaba da mulki da sunan yaron, har bayan yaron ya girma ya yi aure.

To a wannan hali take, shekara goma bayan an ƙwace mulki daga hannunta, ta sa a yi mata littafin addu'a da ba a taɓa yin kamarsa a Milan ba. A gefen shafukansa an rubuta sunanta, wani wuri tare da muƙaminta na sarauniya. An zana tambarin da ta ɗauka bayan rasuwar mijinta, wani tsuntsu na almara da ake cewa yana ƙonewa ya sake tashi daga tokarsa, da takenta na Latin mai nufin cewa tunda an bar ta ita kaɗai, Allah kaɗai take bi. Ni dai ban ga dalilin shakkar ibadarta ba. Amma macen da ba ta da iko ta sa a buga sunanta a kan kuɗi, ko a kafa shi a ƙofar gari, tana da iko a kan littafin addu'arta, kuma babu ƙanen mijin da zai hana ta. Littafin sa'o'i yana cikin 'yan kayan da macen fada ke iya ba da aikinsu da kanta, ta zaɓi waliyyan da take so, ta riƙe a hannu a gaban baƙi, ta tsallaka iyaka da shi, ta kuma bar wa wanda ta ga dama.

Yanzu sai mu leƙa ɗakin aikin.

Fatar da ake rubutu a kai, ta maraƙi ko ta ɗan akuya ko tunkiya, ana jiƙa ta ne a ruwan farar ƙasa har gashin ya saki, a kankare, a ɗaure a jikin katako a ja ta sosai, a ci gaba da kankara da wuƙa mai lanƙwasa tana bushewa, har ta yi laushi da fari kamar takarda. Ba a jeme ta kamar yadda majema ke yi, shi ya sa take riƙe tawada. Marubuci ne ke fara aiki, da alƙalamin gashin tsuntsu da baƙar tawada, ya bar gurbin da za a yi zane. Sannan mai zayyana ya karɓa. Zinariya ce ake fara sawa kafin launi. Akwai ta ganye, wadda maƙera ke bugawa daga tsabar kuɗin zinariya har ta fi fatar albasa sirantaka. Daga tsaba guda ana fitar da ganye sama da 100. Akwai kuma ta gari, wadda ake niƙawa a kwaɓa a shafa da burushi kamar fenti, ita ce masu zanen ƙarshen ƙarni na 15 suka fi amfani da ita wajen haska gashin kai da bakin riga.

Launukan kuwa kowanne da ƙasar da ya fito. Shuɗin da ya fi kowanne tsada daga wani dutse ake niƙo shi, wanda ake haƙowa a duwatsun Badakhshan a Afganistan, ya bi ayari da jirgin ruwa har Benis. Akwai ja daga haɗin ƙibiritu da zaiba, da kore daga tsatsar tagulla, da fari daga dalma. Abin da ke kama garin launin a jikin fata shi ne ƙwai ko kuma ƙaro, wannan dai ƙaron da muka sani, na itacen da ke fitowa a Sahel, wanda malamanmu ke zubawa a tawada. Zinariyar ma tana da hanyar da ta biyo ta kusa da mu. Kafin Turawa su kai Amurka, kaso mai yawa na zinariyar da biranen Italiya ke buga kuɗi da ita daga Afirka ta Yamma take tsallaka Sahara. A 1447 wani ɗan kasuwar Jenowa, Antonio Malfante, ya kai har Tuwat a cikin Saharar yana bin diddiginta, ya rubuto wasiƙa gida daga can. Tuwat ɗin nan ita ce Shehu Magili ya baro ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a daidai shekarun da ake zana littafin Bona. Na kawo wannan ne don kada mu ɗauka duniyar 1490 ɗakuna ne a kulle.

Mai zanen Bona limamin coci ne, sunansa Giovan Pietro Birago. Ya yi aiki a Brescia a farkon shekarun 1470, yana ƙawata manyan littattafan waƙar majami'a, daga baya ya zama babban mai zayyana na fadar Milan. An daɗe masana suna gane hannunsa ba su san sunansa ba, sai a tsakiyar ƙarni na 20 aka ga sa hannunsa a wani littafi da ke birnin Warsaw na ƙasar Poland. Wannan littafin ma abin dubawa ne. Tarihin Francesco Sforza ne, wanda aka buga a Milan a 1490 a ƙarƙashin Ludovico don ɗaukaka gidansu, Birago ya ƙawata shafin farko na wasu kofe na musamman. Marubucin tarihin, Giovanni Simonetta, ɗan'uwan Cicco ne da Ludovico ya sa aka yanka. Kun ga ke nan mai zane ɗaya yana yi wa Bona aiki da hannun dama, yana yi wa wanda ya tsige ta da hannun hagu, a shekara guda. Haka zaman fada yake.

Hannun Birago ba ya ɓuya. Layinsa kaifi gare shi, kamar an sassaƙa. Mutanensa suna tsaye daram kamar gumakan dutse, tufafinsu da ninki mai ƙarfi, bayansu duwatsu masu tsagewa da gine-ginen Rumawa, abin da ya nuna ya sha daga rijiyar Andrea Mantegna, babban mai zanen Mantua. Launinsa mai ƙyalli ne, ja da shuɗi da kore ba sassauci. Inda ya fi sakin jiki shi ne gefen shafi. Nan za ka ga yara tsirara masu fukafukai suna wasa da karnuka da zomaye, ga lu'ulu'u da duwatsu masu daraja an zana su kamar ka ɗauka, ga kayan kiɗa, ga dodannin tatsuniyar Girkawa. A littafin addu'a fa. Wani zai ce me ya haɗa dodon Girkawa da Zabura? Mutanen Renesans ba su ga saɓani a nan ba. A wurinsu kayan dā alama ce ta ilimi da asali, gidan da kakansa sojan haya ne kuwa yana bukatar duka biyun.

Ana cikin aikin sai aka yi sata. Labarin ya zo mana ne daga wasiƙar da Birago ya rubuta da kansa zuwa ga wani babban mutum. Ya ce wani ɗan zuhudu mai suna Johanne Jacopo, wanda ya saba zuwa wurinsa, ya shiga ya kwashe wani sashe na littafin da yake yi wa sarauniya Bona, ya tafi da shi birnin Rum. An kama mutumin, yana kurkuku, Birago na roƙo kada a sake shi sai ya biya. Ya ƙiyasta abin da aka sace da fiye da dukat 500.

Mu tsaya a kan wannan adadi. Dukat ɗin Benis tsabar zinariya ce mai nauyin giram uku da rabi, don haka 500 ya kama kilo ɗaya da kashi uku cikin huɗu na zinariya. A Milan, a waɗannan shekaru, Leonardo da Vinci da abokin aikinsa suna jayayya da wata ƙungiyar coci a kan kuɗin babban allon da suka zana na Maryam a cikin duwatsu, wanda yau ake layi don a gan shi. Su suna cewa ya kai dukat 100, ƙungiyar tana cewa 25. Ko da mun ɗauka Birago ya ƙara gishiri, kamar yadda wanda aka yi wa sata ya saba yi, mun ga inda mutanen lokacin suka ajiye ƙaramin littafin hannu da inda suka ajiye babban allo. Mu ne daga baya muka juya ma'aunin.

Ɓarawon kuma ya san abin da ya ɗauka. Littafin bai kai ga ɗinki ba, falle-falle yake, don haka ya zaɓa ya darje. Kalandar gaba ɗaya ta tafi, da wani ɓangare na ayoyin Linjila, da yawancin zanen lokuta takwas na Maryam, wato wurin da mai littafi ke buɗewa kullum. Kusan kashi ɗaya cikin uku ke nan na aikin.

Bona ba ta sa an cike gurbin ba, abubuwa sun sha mata kai. A watan Oktoba na 1494 ɗanta ya rasu yana da shekara 25, mutane na ta raɗe-raɗin guba, Ludovico ya naɗa kansa sarki ya tsallake jikanta. Shekara ta gaba ta bar Milan da guntun littafinta. Ta rasu a Fossano, a ƙasar iyayenta, a 1503, ba ta da wani ƙarfi. Ludovico ma bai ji daɗin abin ba: Faransawa sun kore shi a 1499, ya mutu a kurkukunsu a 1508.

Littafin ya faɗa hannun ɗan yayan Bona, Philibert, sarkin Savoy, shi ma bai shekara da shi ba ya rasu a 1504. Matarsa ta gada, Margaret ta Ostiriya, 'yar sarkin sarakuna Maximilian. Idan Bona ta sha wuya, Margaret ma ta ɗanɗana. Tana da shekara 3 aka kai ta Faransa a matsayin matar da sarki zai aura, ta girma a can, aka fasa aka mayar da ita gida don an sami wadda ta fi ta ƙasa. A 1497 ta auri yariman Sifaniya, ya mutu bayan wata shida. Ta auri Philibert a 1501, ya mutu bayan shekara uku. Tana da shekara 24 ta yi takaba sau biyu, ta ce ta gama aure, duk matsin da ubanta ya yi mata ba ta sake ba. Bambancinta da Bona shi ne ita ta riƙe mulki ya zauna. Daga 1507 ta zama mai riƙon ƙasashen da yau suka zama Beljiyam da Holan, a madadin ɗan yayanta Charles, ta kafa fadarta a Mechelen, ta tara littattafai da zane-zane. Akwai ma wata dangantaka a tsakaninsu: 'yar Bona, Bianca Maria, ita ce matar uban Margaret.

A 1517 Margaret ta sa wani marubuci, Etienne de Lale, ya sake rubuta shafukan da suka ɓata, ya kwaikwayi rubutun Italiya na asali. Sannan ta ba mai zanen fadarta, Gerard Horenbout, mutumin birnin Ghent, aikin zane 16 masu cika shafi da zayyanar gefe guda biyu. A ɗaya daga cikin biyun nan ya sa ƙaramin hoton Charles cikin ruwan zinariya, da shekarar 1520 a jiki, shekarar da aka naɗa shi a Aachen bayan an zaɓe shi sarkin sarakuna. Saboda wannan ne masana ke ganin Margaret ta gyara littafin ne don ta ba shi kyauta. A zanen ziyarar da Maryam ta kai wa Alisabatu, matar Annabi Zakariyya, da yawa suna ganin fuskar Margaret ce aka ba Alisabatu, cikin shigar matar da mijinta ya mutu. Idan haka ne, mace ta biyu ma ta sa hannu a littafin, a hanyar da ta fi ta Bona ɓoyuwa.

Wannan gyara shi ne abin da ya fi jan hankalina a dukan labarin. Horenbout ya ga aikin Birago a gabansa. Ya bi girman shafin, ya bi irin firam ɗin, ya ƙara wa launinsa ƙarfi don kada shafinsa ya yi sanyi kusa da na Italiya, har ya ɗauko wasu gine-ginen Rumawa. Amma bai ɓad da kama ba. Fuskokinsa na mutanen da za ka iya gamuwa da su a kasuwa ne, da tamoji da gajiya. Haskensa a hankali yake sauka. Bayan mutanen akwai fili mai nisa da bishiyoyi da gidaje, sama tana dusashewa kamar yadda take yi a ido. Birago yana gina mutum daga ƙashi da layi, Horenbout yana gina shi daga fata da haske. A ƙarni na 15 da farkon na 16 waɗannan su ne manyan makarantu biyu na zane a Turai, ta Italiya da ta Flanders, ƙasar su Horenbout, kuma da wuya ka sami wurin da gwanayensu biyu suka yi aiki ɗaya, a girma ɗaya, a littafi ɗaya. Ba don ɗan zuhudun nan ya yi hannu ba, da ba mu samu ba. Ban ce a gode masa ba.

Idan kun tambaye ni wanda na fi so, zan ce Birago a gefen shafi, Horenbout a tsakiyarsa. Birago yana burge ido, amma waliyyansa ba sa sa ka yi shiru. Wanda zai buɗe littafi kafin asuba, a ganina, hannun Horenbout zai fi yi masa amfani.

Shi Horenbout daga baya ya ƙaura Ingila da iyalinsa, ya shiga hidimar Sarki Henry na 8. 'Ya'yansa biyu sun gaji sana'ar. Mai zane Albrecht Dürer ya gamu da 'yarsa Susanna a Antwerp a 1521, tana da kimanin shekara 18, ya sayi wani ƙaramin zanenta, ya kuma rubuta mamakinsa a littafin tafiyarsa. Ɗansa Lucas shi ne ya fara zana ƙananan hotunan fuska a fadar Ingila, irin waɗanda ake ratayawa a wuya. Sana'ar zayyanar littafi tana mutuwa saboda ɗab'i, masu ita suka fitar da hoton daga cikin littafi suka mai da shi abin wuya.

Margaret ta rasu a 1530. Daga nan ba a sake jin ɗuriyar littafin ba har shekara 340, sai a 1871 ya ɓullo a Madrid, abin da ya dace da zaton cewa Charles ne ya karɓe shi, tunda shi ne sarkin Sifaniya. Wani Bature masanin kayan tarihi, John Charles Robinson, ya saya, ya sayar wa wani attajirin Sikotilan, John Malcolm na Poltalloch, wanda dukiyar gidansu ta samo tushe daga gonakin rake na Jamaika da bayi 'yan Afirka suka noma. Malcolm ya ba gidan tarihi na Birtaniya kyautarsa a 1893. Can aka warware shi aka ɗinke shi juzu'i huɗu, don kaurin falle 348 a ƙaramin littafi yana wahalar da fatar duk lokacin da aka buɗe. Da aka kafa laburaren Birtaniya a 1973 ya koma can tare da sauran littattafan hannu.

Saura abin da ɓarawo ya tafi da shi. Falle uku sun dawo, dukansu a cikin shekara 63. Na farko ya zo kyauta a 1941, zanen masanan gabas da suka kawo wa jariri Isa kyaututtuka. Wannan falle yana da daraja ta musamman, domin Horenbout ya riga ya zana wannan labari a gurbinsa, don haka yanzu ana iya ajiye na asali da na maye gurbi kafaɗa da kafaɗa. Na biyu, shafin kalanda na watan Mayu, an saye shi a 1984. Na uku, na watan Oktoba, an saye shi a 2004 a kan fam 191,000. Waɗannan biyun sun nuna cewa kalandar Birago zane ce mai cika shafi ga kowane wata, abin da ba a saba gani ba a littattafan Italiya, inda kalanda kan zama jerin sunaye da ɗan ado kaɗan. Margaret kuwa ba ta sa an yi sabuwar kalanda ba, shi ya sa littafin har yau yake farawa babu ita. Fallayen uku ba a mayar da su cikin ɗinkin ba, kowanne da lambarsa ake ajiye shi, watanni goma na kalandar kuma ba su dawo ba.